Yadda Tsohon Hafsan Rasha Ya Sa Na Kwashe Rumfata

Shekarun baya, a tsakar gidanmu da ke unguwar Ruwais a Jidda, mu huɗu ne ranar: ni, da maigidana, da ƙanwata, sai tsohon maƙwabcinmu mai gasa gurasar tamis. A Jidda duk mai irin fuskarsa Bukhari ake ce masa, amma shi ya ce hafsa ne a sojan sarkin Rasha, kafin a ci su da yaƙi ya gudo. Ni dai ban taɓa yarda ba. Na daɗe ina lura da shi, ban ga abin da yake iya kora ba sai kaza.

Shekara tara ina tuyar ƙosai a ƙofar tashar jiragen ruwa, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Na yi kwana uku ina zazzaɓi, na dawo na tarar da wani mai sayar da wake, sabon sauka daga ƙasar duwatsu mai sanyi, ya kafa tukunyarsa a ƙarƙashin rumfata. Yana da takarda, ni ba ni da ita.

Na ce gobe sai na kifar masa da tukunya.

Maigidana ya ce, "Ki kifar, 'yan sanda su zo su tambayi iƙamarmu, takardar zama. Shi ke nan, an mayar da mu Kano."

Tsohon ya ajiye kofin shayi. "Ya Hajja, me kika bari a wurin?"

"Rumfa, da benci, da randar ruwa."

"Randar ta sayarwa ce?"

"Ruwan sha ake sayarwa, Ammi? Masu dako ne ke sha."

Sai ya jera ƙwallayen dabino a kan tabarmata, wadda na share yanzun nan. Ya ce bayan an kore su, shi da sauran hafsoshi ba su da hira sai yaƙin kakanninsu. Wani sarkin Faransa ya zo ya ci babban birninsu. Kakannin ba su tsaya ba, suka kwashe abinci, suka bar masa bango. Ya zauna yana jira, sanyi ya zo ya kore shi.

"Ku ba ku da sanyi," in ji shi, "amma kuna da rana."

Na ce, "In dabarar tana ci, me ya kawo ka gasa gurasa a Jidda?"

Ƙanwata ta mintsine ni. Shi kuwa dariya ya yi har da tari.

"Yaƙinmu na ƙarshe, da 'yan'uwanmu muka yi shi. Su ma sun san sanyin."

Wannan amsar ce ta sa na yarda da shi. Maƙaryaci ba ya faɗin inda ya faɗi.

Na je na gaishe da mai wake da ladabi, abin da ya fi kifar da tukunya wuya. Na kwance rumfata, na ɗauke bencina da randata, na koma bayan wani sito, inda ba mai wucewa. Kwana biyu ƙosai yana kwana. Kullum sai na harari tsohon, shi kuma ya nuna mini sama.

Zafi ya shigo sosai. Masu dako suka fara bin randa, da ɗaya-ɗaya, har benci ya cika. Mai wake ya sa rawani, ya sa laima, ya yi ja kamar gauta. Ranar sha biyu ya zo ya sha ruwa a randata, ya tambaye ni inda ake samun inuwa a garin nan. Na kwatanta masa wata kasuwa mai rufi, da nisa.

Har yau in zuciya ta ɗebe ni, nakan fara tambayar kaina me na bari a wurin da zan iya ɗaukewa. Ban cika jin shawarar maza ba, balle wanda aka kora daga ƙasarsa, amma wanda ya sha kaye ya san abin da mai nasara bai sani ba.

Washegarin ranar da mai wake ya kwashe tukunyarsa ya tafi, na mayar da rumfata inda take. Tuyar farko na ƙunshe ta da zafinta, na kai wa tsohon bakin tanderunsa. Ya miƙe ya ƙame, ya sara mini, garin fulawa har gwiwar hannu.

Na ce, "Zauna ka ci, Ammi. Kuma ka zo ka kwashe ƙwallayen dabinonka daga tabarmata."