Ƙugiyoyi Huɗu na Sannu-Sannu

Duk wanda ya taɓa shiga motar Sannu-Sannu ya san inda sunan ya samo asali. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar ma'aikatan wani kamfanin sabulu, bai taɓa goge ko katanga ba, kuma bai taɓa isa ko'ina da wuri ba. Har masu keke kan wuce shi suna ɗaga masa hannu. In aka dame shi da tsiya sai ya gyara madubi ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Ma'aikata su ƙarasa masa baki ɗaya, "Sai dai a daɗe ba a je ba!" Da ya ajiye aiki ya dawo gida da 'yar tsohuwar motarsa fara, da ciwon gwiwar da ko a gaban likita ba ya amsa yana da shi, da gwangwanayen madara sun fi arba'in.

Gwangwanayen nan su ne alfaharinsa. Mutumin nan ba ya tsallake noti a hanya. Ko da sabuwar riga a jikinsa sai ya duƙa ya ɗauka, ya hure ƙasa, ya jefa a aljihu. A gida ya wanke shi da kananzir ya kai shi wurin 'yan'uwansa, don kowane gwangwani akwai samfurin abin da ke ciki ɗaure da waya a murfinsa. Maƙwabta har sun daina zuwa kasuwa neman noti. Matarsa, Maman Auta, ta sha cewa da ya san ranar haihuwar 'ya'yansa kamar yadda ya san lambar sifana, da an huta. Shi kuwa sai ya daki ƙirji ya ce a gidansa ko allura ba ta ɓata.

To, a gidan nan ne ƙugiyoyi huɗu suka ɓata, kuma a makon da bai kamata ba.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana shekara uku. A cikin gida da sanda take yawo, a waje kuwa tana da kekenta mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Ta gama karatu, ta samu aikin koyarwa a wata makaranta mai nisan awa huɗu a mota, kuma takardar ta faɗa ƙarara: ranar Litinin da safe, in ba ta bayyana ba a ba wani gurbin. Keken nan ba ya naɗewa, ba ya shiga but ɗin mota. Sau ɗaya aka taɓa ɗaure shi da igiya a bayan motar haya, ya iso da ƙafa a lanƙwashe, Auta ta yi sati uku a ɗaki. Tun ranar Sannu-Sannu ya rantse keken 'yarsa ba zai sake hawa motar kowa ba. Ba keke kuwa, ba zuwa aji.

Ranar Laraba ya sauko da kariyar rufin mota, wato ƙarfen ɗora kaya, daga bangon sito, inda ta shekara goma sha biyu a rataye. Ya kakkaɓe yanar gizo, ya shafa mata mai, ya ɗora ta a kan motar. Sai ya nufi gwangwanaye ɗauko ƙugiyoyin da ke kama ta da bakin rufin, wasu ƙarafa huɗu masu lanƙwasa, kowanne da notinsa. Ya buɗe gwangwanin da ya kamata. Wayam.

Ya zazzage na kusa da shi, ya zazzage na gaba. Kafin la'asar tsakar gida ta zama shimfiɗar noti, ba wurin taka ƙafa.

"Malam," in ji Maman Auta daga ƙofar kicin, "ba kai ne mai gidan da allura ba ta ɓata ba?"

"Ba su ɓata ba. Ajiya na yi musu."

"Ai kuwa ajiyar ta yi kyau, tun da har mai ita ta fi ƙarfinsa."

Gumi kawai yake sharewa da gefen hula.

Alhamis ya zaga kasuwar kayan mota layi-layi, da zanen ƙugiyar a bayan kwali. Wani ya ce rabon da ya ga irinsu tun yana da gashi a ka. Wani ya kawo na zamani, suka ƙi kama bakin rufin. Mai walda na bakin titi, tsohon abokinsa, ya lanƙwasa masa guda ɗaya don gwaji. Sannu-Sannu ya ɗaura, ya sa hannu biyu ya jijjiga, ƙarfen ya buɗe baki.

"Haba, mutumina," in ji mai walda, "kai da ba ka wuce gudun akuya, me zai faɗo?"

"Keken nan ƙafar 'yata ne, shi zan ɗora a kai," in ji Sannu-Sannu. Mai walda ya tuɓe tabarau, ya ajiye kayan aikinsa.

Juma'a da yamma ya dawo gida gwiwa na zugi. Tsakanin ɗakin Auta da banɗaki akwai ɗan lungu, kuma a jikin bangon akwai wani dogon bututun ƙarfe da ya kafa mata tun tana 'yar shekara goma sha biyu, lokacin da ta kafe ita fa ta gaji da a ɗauke ta, da ƙafarta za ta je. Duk shekara sai ya shafe shi da shuɗin fenti tare da bangon, har ido ya daina ganinsa. Kunne ne kaɗai bai daina ba, don kullum da safe zoben Auta kan buga a jikinsa, ƙyal, ƙyal, ƙyal, har ta kai ƙarshe. Sai ya ji wannan ƙarar yake iya kurɓar shayinsa.

Ya leƙa bai ga kowa ba, ya dafa bututun don ya sauke wa gwiwar nauyi. Yatsunsa suka sauka a kan abin da ke riƙe da shi a bango. Hannun da ya shekara hamsin yana taɓa ƙarfe ba ya buƙatar fitila. Lanƙwasar nan ya san ta. Ya bi bango yana shafawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ashe! Shi da kansa ya kwance su daga kariyar a wancan lokacin, don a duk gwangwanayensa babu ƙarfen da ya yarda ya ɗauki nauyin 'yarsa sai su. Sannan ya binne su da fenti shafi goma sha biyu ya manta.

Kamata ya yi ya yi murna. Wallahi baƙin ciki ne ya tokare shi. Ya ɗauko sifana, ya ɗora a kan notin farko, hannun ya ƙi juyawa. In ya kwance bututun nan, to ta tabbata yarinyar ta tafi. Ya mayar da sifanar aljihu, bai gaya wa kowa ya gan su ba. Ranar Asabar ma haka ya wuni yana zazzage gwangwanayen da ya riga ya zazzage, shi da bai iya ƙarya ba, kunya kamar ta kashe shi.

Lahadi da safe ya ji ƙyal, ƙyal, sai ƙarar ta tsaya a tsakiya.

"Baba, zo ka gani," in ji Auta.

Ya same ta tsaye a lungun, yatsanta a kan notin farko, inda bakin sifana ya kankare fenti har ƙarfe na ƙyalli.

"Tun yaushe ka gane?"

"Shekaranjiya," ya ce, kansa a ƙasa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. "To in na cire, me za ki riƙe in kin zo hutu?"

Auta ta yi dariya, amma idonta ya cika. Ta saki bututun, ta taka da sandarta har ƙarshen lungun ta dawo, ba ta taɓa bango ba.

"Baba, na fi shekara uku ba na buƙatarsa. Ina buga zoben ne kawai don na san sai ka ji kake shan shayi."

Maman Auta, da ashe tana tsaye a bayan Sannu-Sannu, ta share ido da bakin zane ta ce, "To a kwance mana, ko sai Litinin ɗin ta zo ta same mu a lungu?"

Auta ce ta riƙe masa bututun yana kwancewa. Ya jiƙa ƙugiyoyin a kananzir, ya kankare fentin, suka kama bakin rufin daram kamar jiya aka cire su. Ya ɗora keken, ya ɗaure, ya jijjiga har motar ta yi rawa. Ko motsi.

Tafiyar awa huɗu, a shida suka yi ta. Sau biyar yana tsayawa duba noti, kuma ranar ba wanda ya yi masa tsiya. A ƙofar gidan malamai ya sauke keken, ya murza ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, duk suna juyawa lafiya. Auta ta hau. Har ya juya, ta kamo hannun rigarsa.

"In ka koma, ka mayar da bututun yadda yake."

"Ke da kika ce ba kya buƙata?"

"Ba don ni ba, Baba, don gwiwarka. Ɗakina yana jikin bangon. Kullum da sassafe ina jin agogon hannunka yana bugawa a jikin bututun."

Washegari ya sauke kariyar, ya mayar da ƙugiyoyin ramukansu, bai shafa musu fenti ba don hutu na tafe, zai sake buƙatarsu. Ya tsaya a bakin lungun, ya waiwaya, ya ga Maman Auta tana kallonsa da kofin shayi a hannu. Wannan karon bai jira ta kau da kai ba. Ya dafa bututun da dukkan nauyinsa ya fara takawa, agogon yana bugawa, ƙyal, ƙyal, har ya kai ƙarshe.