Rabon Mai Asabar

A ƙauyenmu na wajen Bagwai gidajen Kirista huɗu ne kacal, gonakinmu kuwa a manne suke da na maƙwabta. Wata damina mai unguwa ya kira gayyar noman gero, sai ta faɗo ranar Lahadi. Kowa ya san wanda ya ƙi zuwa gayyar mai unguwa, ranar tasa gayyar shi da fartanyarsa za su wuni.

Yayana ya same ni a zaure, ya ce, "Ka je kawai. Ubangiji ya san halin da muke ciki. Sujada ɗaya ce za ta wuce ka."

Na ce masa ranar ba tawa ba ce, balle in ba da aronta.

Da sassafen Asabar na saɓi fartanya na nufi gonar mai unguwa ni kaɗai. Na ƙiyasta aikin mutum ɗaya, na ƙara kunya uku saboda masu tsegumi. Babu kiɗa, babu fura, daga ni sai ciyawa har la'asar. Sai da bayana ya kwana uku bai miƙe ba.

Ranar Lahadi muna waƙa a coci ina jiyo gangar gayya, kuma ba zan ce raina bai biya ba.

Da yamma matar mai unguwa ta yi sallama a gidana da ƙwaryar fura. Ta ce wa matata, "Malam ya ce a kawo wa mai Asabar rabonsa."

Har yau da furfurata, sunan da ake kirana da shi ke nan.