Awakin Aro a Lambun Inna

Wautar da na tafka ita ce, na ɗauka akuya ta san dokar ƙaramar hukuma.

Damina ta yi nisa, ciyawar bayan gidanmu a Tudun Wada ta yi tsawon da in kaza ta shiga sai dai a bi ta da addu'a. Ranar nan duba-gari ya zo, ya leƙa, ya ja da baya.

"Alhaji, wannan gida ne ko daji?" ya ce wa Baba. "Sauron unguwar nan duk a nan ake yanke masa cibiya. Doka ta ce a nome. In na dawo na tarar da ita, sammaci za ka gani."

Baba ya juyo. Ya dube ni, ya dubi lauje.

Ni kuwa ƙafata ƙaiƙayi take, ana buga ƙwallo a Tudun Jukun. Na kai sara, na miƙe, na zauna, na sake tashi. Ihun fili kamar a cikin kunnena ake yin sa. Sai dabara ta faɗo mini. Na aro awakin maƙwabcinmu, na kora su bayan gida, na ja ƙyaure, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Abin da na manta, a tsakiyar ciyawar akwai ɗan lambun kakata Inna: rama, lalo da kuɓewa. Kullum sai ta gaishe su kafin ta amsa gaisuwarmu.

Da na dawo, awaki sun yi aiki tsakani da Allah. Ba rama, ba lalo, kuɓewa sai kara. Tafasa kuwa, wadda ita ce ta cika wurin, tana nan tsaye ƙyam.

Inna na bakin ƙyaure, ta riƙe ƙugu.

"Sannu da aiki, maigida. Waɗannan ne leburorin naka?"

"Inna, wallahi ciyawa na ce su ci."

"Ka ce musu? Da wane yare? Ɗan birni kawai! Wa ya taɓa ganin akuya ta ci ɗanyar tafasa?"

Da hannu na tuge tafasar nan, Inna na zaune a kujera tana nuna mini inda na tsallake, har tafin hannuna ya yi bororo. Duba-gari ya dawo, ya leƙa, ya ce madalla. Inna ta sake shuka rama, amma ruwa ya ɗauke kafin ta isa tsinka.