Mai Piyano a Rumfar Gyaɗa

A shekarar 1960 na fara ganinsa, bakin rumfar awon gyaɗa ta Tasawa. Dogo ne, siriri, yana lallashin ƴan dako masu sauke piyanonsa daga kamiyo, babbar motar kaya, kamar sun ɗauko majinyaci. Aka ce sunansa Na Allah, ɗan Korgom, a Dakar ya koyi kiɗa. Ni Jibo, Mushe Jibo a kira irin na Faransanci, ni ke kaɗa armoniyom ɗin mishan, ni kuma aka sa in kaɗa ranar bikin ƴancin kai.

Ya ari awartakina ya ɗaure wayoyin piyanon, ya zauna ya fara kiɗa. Yatsunsa ba sa gaggawa, amma manoma suka bar buhunansu. Wani depite, ɗan majalisa, ya zo zai liƙa masa kuɗi a goshi, sai ya kau da kai.

"Ranka shi daɗe, ƴancin na masu gyaɗar nan ne. Su nake wa kiɗa."

Na san bikin ya kuɓuce mini. Da ƴan kwamitin bikin suka neme shi ya kaɗa, sai ya miƙo mini awartakin.

"Mushe Jibo zai kaɗa. Ni in juya masa takardar kiɗan."

Ranar bikin ya juya mini ita, bai makara ko sau ɗaya ba. Har yau wannan ya fi ci mini rai.