Ummaru da Batirin da Ba Ya Kai wa Na Baya

Ina sanar da jama'ar Tambuwal da Kebbe da kewaye cewa soket ɗin da ke bayan kujerar falona ya samu 'yancin kai. Mutumin da ya mallake shi ba da izinina ba, Malam Ummaru, Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanensa ne ya kira ni ina tsakar karin kumallo, kunun da ban ƙarasa ba ke nan.

Wanda ya ga ina tsokanar mamaci ya yi mini uzuri. Ummaru taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma in na yi masa ladabi yau, shi zai fara zargin ba ni da lafiya.

Malamin sakandare ne a wani ƙauye gaba da Kebbe, inda turakun lantarki suka iso amma wutar tana hanya. Yana da tsohuwar laftof guda, da ita yake koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu da kwamfuta ake yi. Yawancinsu ba su taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba. Akwai masu cajin sola a Kebbe, amma duk ƙarshen mako sai ya goyo ta a babur har falona. Yakan ce, "Wutar bawa halas ta ga ubangidanai."

Bara, ana gab da jarrabawa, ya shigo ko sallamar kirki babu. Laftof ta sabunta kanta, kuma a wurin da ake zaɓar yadda za ta ci wuta, tsarin tsimin batir ya ɓace, saura na tsaka-tsaki kawai. Da can cajin yakan zagaye aji. Yanzu masu ƙarfin kafaɗa ke taɓawa, kafin a zo kan masu kunya da ke baya, galibinsu 'yan mata, ta ɗauke.

Na ce, "Tsufa ne, bawana. Da kai da ita duk batir ya tafi. Ka zana musu madannai a allo."

Ya ce, "Tsarin bai ɓace ba, laɓewa yay yi. Abin da ya laɓe kuwa kiran shi aka yi."

Ummaru bai fi ni sanin kwamfuta ba, taurin kai kawai ya fi ni. Ya yi ta tono a waya har ya samo bayani: a buɗe wata baƙar taga a fuskar laftof da izinin mai ita, a rubuta umarni, a bi shi da wata doguwar jelar haruffa da lambobi. Ni ke karantowa, shi yana dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero. Aka yi ta kuskure.

"Mi kaka karantawa haka? Kai da ka cika ɗaki da littattafai!"

"Idonka ne, tsoho. Sa tabarau."

"Tabarau na nika sawa, bakinka na ba ya da saiti."

Sai bayan la'asar ya koma ya duba, ga tsarin tsimi ya dawo mazauninsa. Ummaru ya miƙe da furfurarsa ya taka rawa a falona, har maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko an yi haihuwa ne. Na ce masa duk da haka laftof ba za ta kai kan na baya ba. Da ya dawo ya ce ta kai, na ce shaidar bawa ba ta karɓuwa. A haka muka bar maganar, muna tayar da ita duk lokacin da hira ta yi sanyi.

Haka yake a komai. In ana rabon abu, ba ya kallon hannun da aka miƙo, yana leƙen wanda ya ɓoye nasa. Yakan ce, "Mai kunya ma da rabonai aka haihuwa tai."

A zaman makoki, da na shiga cikin gida yi wa matarsa gaisuwa, wata yarinya ta durƙusa ta gaishe ni. Nana sunanta, ɗalibarsa ce ta bara, yanzu tana karatun jinya. Ta ce, "Baba, kai ne bawan Malam?" Mata suka kwashe da dariya, har da mai takaba. Ta ba ni labari: tsarin tsimi ya sa hasken laftof ya ragu har sai an rufe tagogin aji, ana zufa ana leƙe, kuma Malam ya juya layi, daga baya ake farawa. Ranar ƙarshe ita ta roƙa a bar ta a ƙarshe don kunya. Ta gama, ta tashi, sannan laftof ta ɗauke.

Allah ya jiƙan Ummaru, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a yi wa tsimi. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ya raya su, ya sa yaran da ya koyar su zame masa sadaka mai gudana. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ta kai kan na baya, Ummaru. Ni ne ban yi daidai ba. Sai dai jama'a su shaida, ba a gabanka na faɗa ba.