Inna Ramiza da Tofin Pajasen

Ana sanar da mutanen layinmu cewa daga wannan mako na samu 'yancin zuba kowane irin ganye a gindin shukata. Wadda ta shekara ashirin tana leƙowa ta katanga tana hana ni, Inna Ramiza Behram, Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar, tana da shekara saba'in da tara. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Inna, duk garin Stolac an san hannunki. Babu gidan da aka kwanta ciwo a layin nan da tukunyar miyarki ba ta shiga ba, kuma rabin barkonon unguwa daga irin da kike ƙullewa a tsumma ya fito. Wannan wasu za su faɗa. Ni rigimarmu zan faɗa.

A kan pajasen ne, bishiyar nan mai warin ganye da ta cinye duk kangon garin, har ta tsallako bayan gidana. Ni kuwa ina son ta, don a inuwarta nake karatu. Shekara shida da suka wuce, da mahaifiyata ta rasu aka sayar da gidanta na ƙauye, na yanko reshe shida daga rumman ɗinta kafin mai saye ya tumɓuke shi. Abin da ya rage mini nata ke nan. Na dasa su kusa da pajasen, na lulluɓe gindinsu da ganyen bishiyar don ƙasa ta riƙe laima.

"Malam Nusret, guba kake ba marayun nan," kika ce daga kan katanga.

"Inna, ganye taki ne. Yana cikin littafi."

"Littafin naka ya taɓa shuka albasa?"

Kika ce bishiyar tofi take yi wa ƙasa: saiwarta da ɓawonta da ganyenta suna sakin wani abu mai ɗaci da ke hana maƙwabta tashi. Na yi dariya irin ta wanda ya shekara talatin yana koyarwa. Na ce inuwa ce kawai, da rigimar ruwa.

Bayan mako guda kika shigo da kofunan gahawa biyu, kowanne da auduga da irin latas. Ɗaya kin shayar da shi ruwan famfo, ya yi kore shar. Ɗayan ruwan da kika jiƙa ɓawon pajasen ne, ko tsiro babu. Na ce kofi biyu ba bincike ba ne.

"To shanye na biyun mu ƙara bincike," kika ce.

Ranar kika roƙi reshe biyu daga cikin shidan nan na rumman. Na ba ki yadda ake lallashin tsohuwa. Nawa huɗun suka yi rawaya, suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Na zargi fari, na zargi tururuwa. Ban taɓa tambayar naki ba, ke ma ba ki taɓa ɗago maganar ba. A cikin alherinki duka, wannan shirun ya fi tsaya mini a rai.

Jiya 'yarki Enisa ta shigo da kwano a rufe. Rumman uku ne, masu tsagewar baki irin na mahaifiyata. Ashe can ƙuryar lambunki kika dasa rassan nan biyu, inda ba na hangowa.

"Yaya, ta ce kar a ba ka sai bayan ta tafi," in ji Enisa. "Wai ba ta son ganin fuskarka kana neman hujja."

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yafe kurakuranki, ya sa aljanna ce makomarki. Enisa, da ƙannenki, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Yau da safe na kwashe ganyen nan kaf daga lambuna. Ba inuwa ba ce, Inna. Ni ne na yi kuskure.