Duwatsun Wuyan Kaka Guda Takwas

Ina neman allura jiya hannuna ya bugi wani tsohon gwangwanin madara a ƙasan akwati, ya yi ƙacau. Ba sai na buɗe ba, na san abin da ke ciki, kuma nan take raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

Duwatsun wuyan kakata ne, guda takwas, ba wanda ya yi kama da wani. Akwai dogo, akwai mai faɗi, akwai murjani mai gutsurarren baki. Mahaifiyarta ce ta zura mata su a zare ranar da za a kawo ta Illela daga Ƙonni. Lokacin da na yi wayo idonta ya riga ya tafi. Takan zauna gindin dogon yaro a tsakar gida, tana bin duwatsun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har a kira la'asar.

Ni na tsinke su. Wata Lahadi ce cikin bazara, manya duk sun tafi kasuwa, warin albasar da aka shanya ya cika gida. Na ce sai na gwada a wuyana, ta ce a'a, na ja. Zaren ya tsufa, ko ƙara bai yi ba.

"Ke ɗiya, mi kinka yi?"

Na tsince su tas, na samo sabon zare, na zura, na rataya mata. Ta bi su da yatsa sau ɗaya ta ce, "Ba ita ta ba."

Na ce to ta gaya mini wanne ke bin wanne. Ta ce bakinta bai sani ba, hannunta ne ya sani, shi ma sai suna rataye a wuya. Kai jama'a! Na yi dariya ma, na ce duwatsu takwas kawai, kafin Inna ta dawo na gama gwada kowane jeri.

Inna ta dawo, na sha duka, ban gama ba. Damina ta shigo, aka yi shuka, aka yanke gero, ina nan ina zurawa ina zarewa. Kullum in na dawo makaranta sai na gwada goma ko fiye, kullum amsa ɗaya. Ban taɓa tunanin in rubuta waɗanda na gwada ba, don haka Allah kaɗai ya san sau nawa na maimaita. Wani lokacin na zargi Kaka da gangan take yi, har na taɓa jefar da zaren na ce tsohuwar nan rigima gare ta. Yatsanta dai na ta lalube a wuyan da ba komai. Shekara biyu bayan haka ta rasu.

Ina ajin ƙarshe na sakandare malamin lissafi ya rubuta takwas a allo, ya sa mata alamar motsin rai a gaba, ya ce sunan wannan faktoriyal. Wai in kana son sanin hanyoyi nawa za a jera abu takwas a layi, sai ka ninka takwas da bakwai, da shida, kana gangarowa har ɗaya. Ya rubuta amsa: dubu arba'in da ɗari uku da ashirin. 'Yan aji suna kwafa, ni kuwa ina raba ta da goman da nakan gwada kullum, a gefen littafi. Shekara goma sha ɗaya. Ko an ce zare ana iya juya shi a rage rabi, da saura, kwanan Kaka bai kai ba. Wallahi ji na yi kamar in tashi in tambaye shi ina yake tun tuni.

Yau ni ke koyar da wannan darasi. Ba mu da kalmarsa a Hausa, nakan ce wa ɗalibaina ninkin gangara, su haddace don jarrabawa, su latsa waya ta ba su amsa kafin in rufe baki. Waya ba ta san wanne ne jerin Kaka ba.

Jiya ma na zauna na sake zura su, na rataya a wuyana. Mai yiwuwa daidai ne. Mai yiwuwa na sha yin daidai a shekarun nan na zare da hannuna, don babu sauran wanda zai taɓa ya ce mini ita ta.